Littafin Gizo da Ƙwaryar Ƙoƙi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Kafin a datse Gulbin Sakkwato, akwai wata fadama mai faɗi da ta taso daga gindin Maradun, ta bi ta gefen Talata Mafara, ta wuce Bakura ta nausa yamma. Kowace damina ruwa kan taso tun daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya iso nan da ƙarfinsa, ya haura gaɓa ya kwanta a kan ƙasa. In ya tashi komawa sai ya bar baƙar laka a gonaki, ya bar tafkuna maƙil da kifi. Mutane su shuka shinkafa cikin ruwan, in ya janye su bi danshinsa da albasa da dankali, Sarkawa su faɗa su, Fulani su gangaro da shanu su ci rani. Ba wanda ya taɓa biyan ko anini don ruwan nan ya zo.

Dabbobin wurin ma da nasu zaman. Kunkuru shi ne dattijo, a gabansa ake yanke magana. Tarwaɗa ce uwar masu ruwa. Akwai Agwagwa mai yawan 'ya'ya, da Jaki ɗan dako, da Gafiya wadda ba wanda ya kai ta sanin cikin ƙasa, da Shamuwa mai zuwa da damina ta tafi da kaka. Kura na can bakin daji, ba a cika ganinta ba sai dare. A kan wata tsohuwar tsamiya kuma Gizo ke zaune da matarsa Ƙoƙi. Gizo ba ya noma, ba ya su, amma ba ya son a riga shi ƙoshi. Dabbobin tatsuniya ba sa tsufa irin namu, saboda haka kada mai karatu ya yi mamaki in ya ga waɗanda suka ga farkon labarin su ne suka kai ƙarshensa.

Ana nan sai aka yi babban farin nan na 1972 zuwa 1974. Rumbuna suka ƙare, shanu suka zube. A daidai lokacin kuma kuɗin man fetur ya cika aljihun gwamnati a Legas. Wata safiya sai ga 'yan safiyo da turaku da jan fenti, suna auna fadama. Ɗaya daga cikinsu kullum da rana ya kan zo gindin tsamiya ya buɗe wani ɗan littafi yana lissafi, Gizo kuwa yana sama ya zuba masa ido. Ranar da mutumin ya manta littafin, kafin ya waiwayo Gizo ya sako zare ya janye shi.

Kwana da kwanaki Gizo bai sauko ba. Da ya gama nazari ya kira Ƙoƙi, ya ce, "Na gano asirin mutanen nan. Abin da za a kai kasuwa a sayar, shi ake rubutawa. Abin da ba ya zuwa kasuwa, babu shi."

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, to kifin da yara ke kamowa uwarsu ta sa a miya fa?"

Ya ce, "Nawa aka saye shi?"

Ta ce, "Ba a saye shi ba, ci aka yi."

Ya ce, "To, babu shi."

Ta ce, "Ruwan da ke zuwa da kansa fa?"

Ya ce, "Wannan ai asara ce tsagwaronta. Ruwa ya zo ya wuce ba wanda ya karɓi kuɗinsa!"

Ƙoƙi ta karɓi littafin ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Na ga inda ake rubuta abin da ya shigo. Ina inda ake rubuta abin da wani ya rasa?" Gizo ya fizge kayansa, ya ce mata mata ba su san lissafi ba. Ba ta tanka ba. Ta dai sauka ta ɗauko wata tsohuwar ƙwarya ta wanke ta ajiye a kogon tsamiya.

Da labarin madatsar ruwa ya bazu, Kunkuru ya tara dabbobi. Gizo ya miƙe da tsamin bakinsa ya yi ta zuba. Za a tare ruwa a Bakolori, rani da damina su zama ɗaya. Za a shuka alkama irin ta burodi, a girbe sau biyu a shekara. Yunwa ta ƙare har abada. Duk wanda aka taɓa raminsa ko sheƙarsa za a biya shi diyya, kuma shi Gizo, da yake shi kaɗai ya iya rubutu, ya yarda ya ɗauki wahalar rubuta sunaye.

Tarwaɗa ta ɗago kai daga bakin ruwa ta ce, "Malam Gizo, ruwan da za a tare a sama, na wa za a rage?"

Gizo ya ce, "Na banza ne, wanda ke wucewa."

Kunkuru ya ce, "Wanga ruwa da kake cewa na banza, akwai masu jiransa ƙasa da Bakura har Sakkwato. An kira su?"

Gizo ya ce, "Ranka shi daɗe, nesa gare su. In muka tsaya jiransu ciniki zai wuce mu."

Aka yi shiru. Jaki ya dubi haƙarƙarinsa da suka fito, Agwagwa ta tuna 'ya'yanta da fari ya ɗauke. Suka ce sun yarda. Ni ban ga laifinsu ba, kuma ba na son mai karatu ya gani. Wanda ya kwana uku bai ci ba, in aka nuna masa tuwo ba ya tambayar wa ya biya kuɗin hatsin. Dillali kuwa ya san haka sarai, shi ya sa ba ya zuwa sai ranar yunwa.

A wajen mutane ga yadda abin ya kasance. Tun 1969 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ba da shawarar a yi ƙaramin aiki a Bakolori, a bi shi sannu a hankali yadda ba zai rushe noman da aka gada ba. Amma ƙaramin aiki ƙaramar kwangila ke gare shi. Kamfanin Impresit na Italiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Fiat, yana cikin waɗanda suka yi nazarin aikin, shi ne kuma ya karɓi kwangilar gina shi. Aka fara a 1974, aka gama madatsar a 1978: bango mai tsawon kilomita 5 da rabi, tafki mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, da filin ban-ruwa na hekta 23,000 tsakanin Maradun, Talata Mafara da Bakura. Mutum fiye da 10,000 ruwan tafkin ya tasa daga gidajensu da gonakinsu.

Ranar da katafila ta iso gindin wata ɗorawa da Jaki ya saba hutawa, yana tsaye yana kallo. Ƙarfen ya shiga ƙarƙashin saiwa, itaciyar ta yi ƙara, ta karkata, ta faɗi da 'ya'yanta ba su ko nuna ba. Kurege da ke da rumbu a cikinta ya fito da gyaɗa ɗaya a baki, ita ke nan abin da ya tsira da shi. Kafin la'asar an baje wurin, ba kunya, ba iyakar gona, ba alamar inda kakan wani ya taɓa kafa fartanya. Tsohuwar da ke daka kalwar itaciyar nan ta yi daddawa ta zo ta tsaya, ta rasa ma ta ina za ta fara gane gonarta. A daren nan Ƙoƙi ta tsinci tsakuwa ɗaya ta jefa a ƙwarya.

Gizo kuwa kasuwarsa ta buɗe. Mai son sunansa ya shiga takardar diyya sai ya ba da kashi ɗaya cikin uku tun kafin a biya. Wanda ya ƙi, alƙalami ya tsallake shi. Kurege bai da abin bayarwa, sunansa bai shiga ba. Kura, wadda ba ta taɓa mallakar rami a fadama ba, an rubuta mata guda bakwai.

Su ma manoman Bakolori haka suka sha. An hana su shuka shekara da shekaru ana gyaran fili, an sare itatuwansu, diyya ta zo wa wasu ta ƙi zuwa wa wasu, filin da aka mayar wa mutum ba lallai ya zama nasa na da ba. Suka kai kuka, suka gaji. Daga ƙarshen 1979 suka fara tare hanyoyin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa. A lokacin Shehu Shagari ne shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa kuma gwamnan Jihar Sakkwato, don Zamfara ba ta samu jiha ba sai 1996. A ƙarshen Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Mutanen yankin da masu bincike sun ce sun haura 380.

Ungulu ce ta kawo wa dabbobi labarin. Ta sauka a kan tsamiya ta yi tagumi. Aka ce, "Ke kuwa lafiya, yau ga ranarki?" Ta ce, "Yau ban iya ci ba." Ƙoƙi ta kwana tana tsintar tsakuwa. Da asuba ta tambayi mijinta ko zai rubuta wannan. Ya ce aiki ya tsaya wata da watanni, asarar da ke cikin littafi ke nan, kuma yanzu an buɗe hanya.

Sai kuma damina ta zo, ruwa bai haura gaɓa ba. Tarwaɗa na da ƙwai cike da ciki, al'adarta kuwa ba ta zubawa sai ruwa ya malale cikin ciyawa, inda 'ya'yanta za su ɓuya su ci su girma kafin su koma gulbi. Ta yi ta kai da kawowa a bakin gaɓa tana jira. Ruwan ya ɗan taso, ya taɓa gindin ciyawa, ya koma. Ta jira wata shekarar, haka. Tafkin da take ciki ya yi ta tsukewa har ya zama kwatami, zalɓe na tsaye a kansa. Gaiwa ta ce mata, "Yaya, shigo cikin laka mu kwanta har Allah Ya kawo ruwa." Tarwaɗa ta ce, "Ke aka yi wa wannan baiwa, ƙanwata. In kin ga ruwa ya dawo, ki faɗa musu na yi tambaya ranar taro." Gaiwa ta nutse cikin laka. Tarwaɗa ba ta ga kaka ba.

Ƙasa da madatsar, dubban hektoci na shinkafar fadama suka koma gero da dawa, noman rani ya ja baya saboda danshin ya yi nisa, masunta da yawa suka rataye koma suka tafi ci-rani. Alkamar da aka yi alkawari ba ta taka kara ta karya ba, burodin birane ya ci gaba da dogara da alkamar Amurka. Bututun yayyafi masu tsada da aka shimfiɗa suka lalace, kayan gyaransu kuwa sai daga waje. Ban ce madatsar ba ta amfani kowa ba. Duk wanda ya bi hanyar Mafara zuwa Bakura da rani ya ga shinkafa kore shar a bakin hanyoyin ruwa ya san akwai gidajen da ke ci daga gare ta, kuma tun 2014 aka ciwo bashin Bankin Duniya a shirin TRIMING don a gyara abin da ya lalace. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya ci ribar ginin ya karɓi kuɗinsa ya hau jirgi, wanda ya biya kuwa ba a taɓa tambayarsa ba, ba a ma rubuta cewa ya biya ba.

Gizo ya cinye abin da ya tara, ya koma zaman jira. Shekaru suka shuɗe. A 2008 bankunan Amurka da Turai suka girgiza, masu kuɗi suka tsorata da takarda suka ruga sayen zinare. Oza ɗaya da ke wajen dala 800 ta haura 1,200 a 2010, ta kusa 1,900 a 2011. Gizo na kan tsamiya ya ji zarensa ya motsa. Ya sauko ya nufi ramin Gafiya.

Ya ce, "Hajiya, kina kwance kan dukiya kina cin ƙasa. Kudu da nan, wajen Anka da Bukkuyum, akwai dutse mai zinare. Ke ki haƙo, Jaki ya ɗauko, ni in saya."

Gafiya ta ce, "Dutsen can na san shi. Akwai wani abu mai nauyi a jikinsa, mai walƙiya toka-toka. Ko ƙwari ba sa zama kusa da shi."

Gizo ya ce, "Shi za mu sayar?"

Ta ce, "A'a."

Ya ce, "To, babu shi."

Agwagwa, wadda tun bushewar fadama take yawon neman wurin zama, ta bi su ta sauka a wani gida a ƙauyen masu haƙa. A tsakar gidan an kafa injin niƙa irin na hatsi, sai dai dutse ake zuba masa. Matan gida na daka wani a turmin da suke daka dawa. Ƙura ta tashi ta sauka a kan tabarma, a kan randa, a kan shanyar tsaba, a kan yaro mai rarrafe da ke sa hannu a ƙasa ya kai baki. Da yamma a wanke garin dutsen a bakin kududdufi, a murza shi da zaiba, a ƙona, ɗan ƙwayar zinare ya fito. Maigidan ya sayi babur, ya yi rufin kwano. Wa zai ce masa ya bari?

Agwagwa ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha biyu, ta kai su kududdufin nan su yi wanka su yi kiwo. Bayan 'yan kwanaki ƙaramar ta fara tafiya tana tangaɗi, fukafukanta suka saki, wuyanta ya karkace. Uwar ta tura ta da baki ta ce, "Tashi, auta, 'yan'uwanki sun yi gaba." Ba ta tashi ba. Kashegari biyu suka bi ta. Ranar da ta rage saura ɗaya, Agwagwa ta shiga tsakar gida tana kuka da iyakar muryarta, tana zagaya yaron nan mai rarrafe, tana dukan ƙasa da fiffike. Matar gida ta ɗauki tsintsiya ta kore ta, ta ce agwagwar nan ta cika kwakwazo.

Wannan ba ƙagen tatsuniya ba ne. Masu binciken da suka zo daga baya sun ji daga bakin mutanen ƙauyukan cewa agwagi ne suka fara ƙarewa kafin yara su fara jijjiga. A Maris 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, gwaji ya nuna gubar dalma ce. A Dareta da 'Yargalma, kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Ƙasar wasu gidaje ta nuna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne. Aƙalla yara 400 suka mutu a Anka da Bukkuyum, dubbai suka rayu da gubar a jini, wasu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Bagega, mafi girman ƙauyukan, sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta matsa wa gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin da ta yi alkawari. Zinaren kuwa ya bi ta kan iyaka, mafi yawansa ya ƙare a kasuwar Dubai, aka narka shi ya zama sarƙa da awarwaro, ba tabon komai a jikinsa.

Ƙwaryar Ƙoƙi ta cika, ta nemo masaki.

Inda dukiya ke fitowa daga rami ba hukuma a kusa, Kura ba ta jiran gayyata. Ta fara da cewa za ta yi gadi a ba ta kaso. Daga baya ta ce ramin nata ne, masu haƙa su yi mata aiki. Da ta ga kuɗi na sayen bindiga, bindiga kuma na kawo kuɗi, sai ta gano hajar da ta fi zinare sauƙin haƙa, wato ɗan mutum. Rikicin Zamfara na da saiwoyi da yawa: burtalin da aka nome, satar shanu, zaluncin alƙalai da 'yan sanda, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya. Amma abin da ya hana wutar mutuwa shi ne ta zama sana'a, kuma masu ci daga gare ta ba duka ke kwana a daji ba. Gizo na sayar wa Kura mai da burodi, ya faɗa mata gidan da aka sayar da shanu jiya, sa'an nan ya zo gidan ya yi jaje, ya ce ya san hanyar da za a kai kuɗin fansa, a ba shi na ƙafa.

A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, masu bindiga suka ci gaba da haƙarsu. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. Gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako. Manomi na ganin gonarsa daga bakin gari, ba halin zuwa sai ya biya harajin daji.

A nan ne haƙurin dabbobi ya ƙare. Farkon wata damina, ranar da Shamuwa ta dawo, Kunkuru ya sa aka kamo Gizo aka kawo gindin tsamiya. Gaiwa ta fasa laka ta fito ta isar da saƙon Tarwaɗa. Kurege ya yi magana. Agwagwa ta buɗe baki, murya ta ƙi fita, ta koma ta zauna.

Gizo bai ko girgiza ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, wa na tilasta wa? Ranar taron madatsa kowa ya ce ya yarda. Gafiya da ƙafarta ta shiga rami. Jaki ya karɓi ladan dakonsa ko bai karɓa ba? Ga littafi, a duba. Ban ci na kowa ba, ciniki muka yi."

Jaki ya sunkuyar da kai ya ce, "Na karɓa. Na kuma ga ƙurar na sauka a kan yara, na ce ba ni na niƙa ba."

Gafiya ta ce, "Na san dutsen tun farko. Amma da fadama na nan da ban je ba, Baba. Yunwar da cinikin farko ya haifar, ita ta kai ni na biyu."

Sai ga Ƙoƙi tana jan masaki da ƙyar, ƙwarya a kanta. Ta juye su a gaban Kunkuru, tsakuwa ta yi tsibi. Ta ce, "Baba, ga shafin da babu a littafin maigidana." Ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana faɗin sunanta. Wannan ɗorawa ce. Wannan mai gonar da aka harbe a bakin hanya. Wannan ƙwan Tarwaɗa. Wannan autar Agwagwa, wannan kuma yaron da ta yi wa kuka. Rana ta faɗi ba ta kai rabi ba. Gizo ya ce a faɗa masa kuɗin kowace tsakuwa in ana so ya rubuta. Ba wanda ya amsa masa.

Kurege ya ce a murƙushe shi kowa ya huta. Shamuwa ta ce, "Ku dakata ku ji. Kun san in na bar ku da kaka kudu nake yi, har ƙarshen ƙasar Afirka. A Kolwezi ta Kwango na ga yara cikin ramuka suna tono kobal, ƙarfen da ake batirin waya da na mota da shi, kusan kashi 70 cikin 100 na duniya daga ƙasar yake fitowa. A Kabwe ta Zambiya an yi kusan shekara 90 ana haƙar dalma, aka rufe a 1994, masu ramin suka tafi, har yau yaran garin na wasa cikin ƙurar da ta kashe 'ya'yan Agwagwa. A Marikana ta Afirka ta Kudu na iske ana makokin ma'aikata 34 da 'yan sanda suka harbe ranar 16 ga Agusta 2012 don sun nemi ƙarin albashi, na tuna Birnin Tudu. Ko'ina na sauka na tarar da gizo da littafi irin wannan. Ku ɗaga kai ku dubi zaren da ke bayansa."

Suka duba. Zaren ya tashi daga bayan Gizo ya haura tsamiya, ya wuce ta, ya yi sama har ido ya gaza.

Shamuwa ta ce, "Na bi shi na gaji ban ga ƙarshensa ba. Ya ratsa Gusau da Abuja, ya ƙetare teku. Masu riƙe da can ƙarshen ba su taɓa jin sunan Maradun ba, ba sa ƙin ku, ba sa son ku. Lamba kawai suke dubawa, in ta hau su ja zare. Wanga da kuka kama ƙaramin cikinsu ne. In kun kashe shi, kafin jibi wani ya sauko."

Kunkuru ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Nauyin farko nawa ne. Na tambaya ko an kira na ƙasa, aka ce mini nesa gare su, na yi shiru. Ga hukunci. Daga yau ba a ƙulla ciniki a kan ruwa ko ƙasa ko abin da ke cikinta sai na sama da na ƙasa suna zaune, da mai ƙwai da mai goyo. Kafin a buɗe littafin Gizo, a fara juye ƙwaryar Ƙoƙi. Abin da za a ɓata a faɗe shi da suna, a faɗi wanda zai gyara, ya ajiye jingina. Gizo kuma ya zauna nan ya rubuta tsakuwar nan duka da hannunsa, ko zai shekara yana yi."

Aka ba shi alƙalami. Ya rubuta ɗaya, ya rubuta biyu. Da dare ya raba, masu gadi suka gyangyaɗa, sai zaren ya motsa. Gizo ya saki alƙalami ya bi shi sama da littafinsa a hammata. Ƙoƙi na ganinsa, ba ta bi shi ba. Da gari ya waye ta kwashe tsakuwarta ta mayar cikin masaki, ta kai gidan Kunkuru ajiya.

Ƙurunƙus.

A Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara, a 2025 kuma ozar zinare ta haura dala 3,000, ta zarce har 4,000. Masu takardar izini na tafe, masu saye a bayan fage ma ba su taɓa tafiya ba. 'Yan'uwana na Mafara da Bakura da Maradun, kada dutsen rami ya shiga tsakar gida, kada a niƙa shi inda yaro ke rarrafe, wanda ya dawo daga haƙa ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki ɗansa. Sarakuna da masu unguwanni da kansiloli, duk wanda ya zo neman fili ko ruwa, ku tara masa ƙauyukan da ke ƙasa da ku, da mata, da makiyaya, da masunta, a rubuta wanda zai cike ramin da wanda zai biya maganin yara tun kafin a sa hannu. Wanda ya ƙi zama a yi wannan lissafi, kada a ba shi ƙasa.